Ba Kowane Kore Ba Ne Abincin Dabba: Miyagun Ciyayi da Lafiyar Kiwo a Kewayen Birnin Zazzau



Duk wanda ya fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana a tsakiyar watan Agusta, lokacin marka, zai ga ƙasa ta yi kore shar tun daga gindin ganuwa har inda ido ya tsaya. Baƙo zai ce ai dabbobin garin nan sun huta. To, amma tsaya ka kalli garken tumaki na minti goma kawai. Za ka ga suna ratsa koren nan suna wucewa, kai a ƙasa, suna neman ɗan abin da za su tsinta a gefen hanya. Ciyawa ta kai ƙugu, tunkiya kuwa ta koma gida ciki a lafe.

Dalili shi ne, da yawa daga cikin abin da ke yi mana kore a bakin hanya, da saura, da gefen kududdufi, da burtali, dabba ba ta cin sa. Wani wari ne da shi, wani ƙaya, wani kuma guba. Matsalar fuska biyu gare ta, kuma a haɗe suke: miyagun ciyayi su kori na kirki, abinci ya yi ƙaranci, sannan yunwa ta sa dabba ta kai baki ga abin da a da take ƙyalewa. Wannan ya shafi Bafulatani mai shanu a rugar bayan gari, ya shafi mai ragon layya a turke cikin birni, ya shafi uwargida mai awaki uku a tsakar gida, ya kuma shafi masu dawakin hawan salla.

Ta ina suke shigowa?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka filin kiwo yake. Yankin Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma wannan ruwa ya ishi gamba da kyasuwa da harƙiya da gadagi su rufe ƙasa. Muddin sun rufe ta, baƙuwar ciyawa ba ta samun hasken da za ta tsiro.

Amma gonaki da gine-gine sun ci wuraren kiwo, burtali ya tsuke, dabbobi kuma ba su ragu ba. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar abin da ya kai kilo 6 na busasshen abinci kullum, wanda a ɗanyar ciyawa ya ninka haka sau uku ko huɗu. Idan aka tara irin wannan baki da yawa a ɗan fili, abin da zai faru a bayyane yake. Dabba tana zaɓe ne. Ta cinye mai daɗi, ya toho ta sake cinyewa, har ya mutu bai zubar da iri ba. Wanda ba ta so kuwa ba mai taɓa shi: ya yi fure, ya yi 'ya'ya, ya zubar. Baɗi ya ninka. Ka ga ashe dabbar ce da kanta take yi wa muguwar ciyawa noma.

Sauran ƙofofin sun haɗa da gobarar daji da ke barin ƙasa tsirara, da haƙar ƙasar gini, da iri da ke maƙalewa a gashin dabba da kofato, da wanda ke fita cikin kashi. Takin gida da ake kwasa daga cikin birni a kai gona shi ma yana tafe da irin duk abin da dabbobin gidan suka ci.

Wani abin lura shi ne, ciyawa takan fi ƙarfi idan ta bar ƙasarsu, domin ta baro ƙwari da cututtukan da ke rage mata kaifi. Gambar nan tamu misali ce. A 1973 an ɗauki irinta daga Shika aka kai Kolombiya, ta zama babbar ciyawar kiwo a can da Brazil. Amma a arewacin Ostareliya, inda aka kai ta tun shekarun 1930, ta ƙwace daji, tana kai tsawon mita 4, tana haddasa gobara mai zafin da ke kashe itatuwa, har hukuma ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. To, yadda gambarmu ta yi musu, haka wasu ciyayin nahiyar Amurka suke yi mana.

Masu cinye fili

Ɗaɗɗoyar daji. Masana na kiran ta Hyptis suaveolens, asalinta daga yankunan zafi na nahiyar Amurka. Kararta mai kusurwa huɗu ce, da gashi-gashi, furenta ƙanana masu ruwan shuɗi, idan ka murza ganyen za ka ji ƙamshi mai hawa kai. Takan fi mutum tsawo inda ta samu ƙasa. Dabbobi ba sa cin ta, kuma inda ta yi cunkus ba abin da ke fitowa a ƙarƙashinta. Kwanson irinta na kama gashin dabba da tufafi. Shekara ɗaya take yi ta mutu, da iri kaɗai take dawowa, kuma nan ne lagonta yake.

Tafasa. Kowa ya san ta, muna ma cin kwaɗonta, 'yan kasuwa kuma na sayen irinta. Amma a filin kiwo ba ta da kirki. Shanu da tumaki ba sa son ta tana ɗanya, sai dai su ɗan taɓa idan ta bushe. Irinta na da tauri, yana iya yin shekaru a ƙasa bai mutu ba. Inda ka ga tafasa ta shimfiɗu kamar an shuka, ka san an daɗe ana cin wurin fiye da ƙarfinsa.

Kashin yawo. Shi ma baƙo ne daga nahiyar Amurka. Ƙayarsa na maƙalewa a gashin tumaki da wutsiyar shanu, tana shiga tsakanin kofato ta jawo ɗingishi da gyambo. Idan ya cakuɗe da harawa yakan rage mata daraja, dabba ta riƙa ture ta.

Garmani. Wannan darasi ne daga maƙwabtanmu. A jihar Maraɗi da wasu sassan kudancin Nijar, garmani, wato Sida cordifolia, ya mamaye burtali da filayen kiwo masu yawa, har ya kai hukumomi da ƙungiyoyi na ɗaukar mutane aikin cire shi, sannan a watsa irin kyasuwa da sauran ciyayin kiwo a gurbinsa. Wuri ne da ake ganin kore ko'ina amma garke ya ratsa bai ƙoshi ba. 'Yan'uwansa na nan a gefen hanyoyinmu. Abin da ya ci filayen Maraɗi bai buƙatar biza kafin ya ci namu.

Masu guba

Rai-ɗore, wasu su ce majamfari. Mutane kan rikita shi da tafasa, alhali bambancin a fili yake. Ganyen tafasa tagwaye uku ne masu zagayayyen baki, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa kamar lauje. Na rai-ɗore tagwaye huɗu ne ko biyar masu tsinin baki, kwanson mai ɗan faɗi, ganyen kuma wari gare shi. Gubar ta fi yawa a cikin iri, kuma naman jiki take lalatawa. Dabba ta fara zawo, ta yi kasala, ƙafafun baya su riƙa rawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, daga nan ta kwanta ta kasa tashi alhali idonta biyu, wani lokaci ma tana karɓar abinci. Wadda ta kai ga kwanciya da wuya ta tashi. Kaji ma yana kashe su idan irin ya shiga cikin hatsi.

Zaƙami, wanda ake wa laƙabi da haukata-yaro. Juji da kango da bayan gida ne wurinsa, saboda haka a cikin birni ya fi kusa da mu. Furensa kamar kakaki, 'ya'yansa dunƙule masu ƙaya. Dabba ba ta cin sa da son ranta saboda wari, sai an yanko shi cikin ciyawa ko ya bushe cikin harawa. Alamominsa: ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, zuciya na bugawa da sauri, dabba ta rikice, tumbi ya tsaya. Doki ya fi kowa shan wahalarsa, domin yana ɗaure masa hanji ya sa shi ciwon ciki mai tsanani, ga shi doki ba ya amai.

Biya-rana. Furenta ruwan ɗorawa, kwansonta a kumbure, idan ya bushe ka girgiza sai ka ji yana kacau-kacau. Wasu daga cikin danginta na ɗauke da gubar da ke cin hanta a hankali. Dabba ta ci yau ba ka ga komai ba, ta ci gobe ba ka ga komai ba. Sai bayan makonni ko watanni ka ga doki yana ramewa, ido ya yi shawara, yana hamma, yana yawo ba gaira ba dalili ko ya jingina kai da bango. A lokacin hanta ta riga ta lalace. Bushewa ba ta kashe wannan guba, saboda haka ingiricin da ta shiga ciki haɗari ne har rani.

Duman rafi, ko duman kada. Yana yaɗo a fadama da bakin rafi, irin su gaɓar Kubanni da Galma, da fure mai ruwan hoda. Haɗarinsa shi ne da rani, lokacin da komai ya bushe, shi yana nan kore. Ƙananan tumaki da awaki da maruƙa su suka fi faɗa masa. Za ka ga kai da jiki na karkarwa, dabba na tangaɗi kamar mashayi, idan aka kore ta da gudu sai ta faɗi. Abin daɗin shi ne, idan aka raba ta da wurin da wuri aka ba ta abinci da ruwa a inuwa, yawanci takan warke cikin kwanaki.

Tumfafiya. Tamu ce ta gida, amma yawanta alama ce ta gajiyar ƙasa. Akuya kan tsinci busasshen ganye da fure kaɗan ba abin da ya same ta. Ɗanyen ganye da yawa kuwa, ƙaron nan fari na taɓa zuciya, kuma idan ya shiga ido yana ɓata shi.

Furen shinge. Akwai wanda ake kira Lantana, mai ƙananan furanni a dunƙule, ja da ruwan ɗorawa da hoda a kai ɗaya, da 'ya'ya baƙaƙe idan sun nuna. Yana lalata hanta, ya sa shawara, fatar hanci da kunne da hantsa ta riƙa saɓulewa idan rana ta buga. A ƙa'ida, duk abin da aka aske daga shingen furanni na gidaje da makarantu, kada a zuba wa dabba. Haka 'ya'yan zurman da na bini-da-zugu.

Masu tafiya kudu da shanu da rani su kuma suna da nasu: gwaska, wadda ganyenta kaɗan ke tsayar da zuciya, da ciyawar da mutanen kudu ke kira Awolowo ko Akintola, wadda ta rufe saura da yawa a can. Shanun da suka tashi a wuri sun san abin gudu. Baƙin shanu ne ke faɗawa. Idan ka sauka a sabon wuri, tambayi waɗanda ka tarar kafin ka saki garke.

Abincin kirki ma yakan juye

Ba muguwar ciyawa kaɗai ke kisa ba. Wani lokaci abin da muka saba bayarwa ne ke juyewa.

Na farko gyauron dawa. Iyayenmu sun san shi tun kafin zuwan boko. Ƙaramar dawa, da tohon da ke fitowa bayan an yanke kara, da wadda fari ya kama ta yi yaushi sannan ruwa ya sauka, duk suna ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama gubar sayanayid a cikin tumbi. Gubar na hana jiki amfani da iskar da dabba ta shaƙa. Cikin minti 15 zuwa 'yan sa'o'i za ka ga haki, da dalala, da karkarwa, sai faɗuwa. Jinin irin wannan dabba ja ne wur fiye da ƙima. Kada a bar dabba ta ci dawar da ba ta wuce santimita 60 ba, wato ba ta wuce gwiwa sosai ba. Busasshen kara ba shi da wannan matsala. Ɗanyen ɓawon rogo ma gubarsu ɗaya, sai an shanya shi ya bushe ƙarau.

Na biyu, gishirin naitiret. Masara ko dawa da aka yi wa takin zamani da yawa sannan fari ya tsayar da ita, da rukuɓu da alayyafon daji mai ƙaya da ke fitowa a tsohon garke, suna tara shi, musamman a gindin kara. Alamominsa kusan ɗaya da na gyauro, sai dai jinin yakan yi duhu kamar ruwan ƙasa, mai ciki kuma takan yi ɓari. Shi wannan, bushewa ba ta rage shi.

Na uku, kumburin ciki. Dabbar da ta sha rani ta samu ɗanyen ganyen wake, ko sabuwar ciyawa mai laushi da raɓa a kanta, ta ci da haɗama, sai kumfa ta cika tumbi ta kasa gyatsa. Kwiɓin hagu ya tashi kamar ganga.

Na huɗu, maganin feshi. Yanzu kusan kowane manomi yana da goyo, kuma ana fesa gona da gefenta da bakin hanya. Mai ƙona ciyawa nan take, irin su Gramoxone, guba ne mai ƙarfi da ba shi da makari, har hukumar NAFDAC ta sanar da janye sinadarinsa daga kasuwa. Ƙari a kan haka, muguwar ciyawar da aka fesa ta fara yaushi takan rage wari da ɗaci, sai dabba ta ci abin da a da take gudu. A duba takardar jikin kwalba a ga kwanakin jira. Wanda bai samu mai karanta masa ba, ya ba wurin mako biyu. Manomi kuma, don Allah, idan ka yi feshi kusa da hanyar dabbobi, kafa sanda ka ɗaura jan ƙyalle, ka faɗa wa maƙwabta. Galan da kwalbar magani kada su zama abin ba dabba ruwa.

Na biyar, fumfuna. Harawar wake ko ta gyaɗa da ruwa ya daka a kan rufi, ko dusa da ta dunƙule tana wari, tana ɗauke da gubar da ke cin hanta, tana rage nono, har ta bi nonon ta kai ga yara. Wadda ta yi baƙi ko ta yi fari-fari a ciki, taki ce, ba abinci ba.

Dabbar turke ba ta da zaɓi

Wannan ya fi shafar mutanen cikin birni. Dabbar da ke yawo a daji tana shinshinawa ta zaɓa. Ragon da ke ɗaure kuwa, abin da ka zuba masa shi ke nan. Yaron da ya yanko ciyawa da lauje a bakin kwalbati ko gefen gonar da aka fesa jiya, damin yake so ya cika, ba ruwansa da abin da ke ciki. Saboda haka:

1. Kwance kowane dami ka baza shi a ƙasa kafin ka zuba. Ciro duk mai faɗin ganye da ba ka sani ba, da mai kwanso, da mai farin ƙaro, da mai ƙaya.
2. Tambayi mai ciyawa inda ya yanko. Riƙe mutum ɗaya ko biyu da ka yarda da su ya fi saye a hannun duk wanda ya gifta.
3. Ciyawar da ka ga ɗigo-ɗigon ƙuna a ganyenta, ko tana warin magani, mayar masa da abinsa.
4. Bar ɗanyar ciyawa ta sha iska a inuwa na 'yan sa'o'i. Kada a bar ta cikin buhu ta yi zafi.
5. Sayi harawa da kaka, lokacin da take da araha kuma kana iya ganin abin da ke cikinta. Ajiye ta a sama, inda ruwa ba ya taɓawa.
6. Awakin da ake saki su yi yawon juji, leda suke ci. Ita ma tana taruwa a tumbi, akuya ta yi ta ramewa ciki na girma. Kanwa ko gishirin lasa na rage musu wannan kwaɗayi.

Ga masu kora kuwa, lokuta uku ne na taka-tsantsan: ƙarshen rani da bazara, sa'ad da mai guba kaɗai ya rage kore, makonnin farko na damina, sa'ad da miyagun ciyayi kan riga na kirki fitowa, da bayan girbi, sa'ad da ake sakin dabbobi cikin gonaki ga gyauro ga rai-ɗore ya yi 'ya'ya. A waɗannan lokuta kada a fita da dabba da wofin ciki. A ba ta ɗan kara ko harawa tukuna, a bar raɓa ta bushe.

Idan abin ya riga ya faru

Da farko janye sauran dabbobin daga wurin, ko ka kwashe abincin da ke gabansu. Sa marar lafiyar a inuwa, kada a kore ta da gudu. Ɗebi samfurin ciyawar, da ganye da fure da 'ya'ya, ko kwalbar maganin da ake zargi, ka nemi likitan dabbobi nan da nan. Gubar gyauro da ta naitiret duk suna da allurar da ke karya su, amma allurar kowacce daban, kuma sai an yi da wuri. Mu a Zariya Allah Ya hutar da mu: ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga likitoci da malaman dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu. Ajiye lambar ɗaya a wayarka tun kafin ranar buƙata.

Kafin likita ya iso, idan kumburin ciki ne, ana iya ba saniya man gyaɗa kamar rubu'in lita zuwa rabi, tunkiya ko akuya kuma milimita 50 zuwa 100 na ma'aunin sirinji, a tsayar da ita gaba ya fi baya tudu. A bayar a hankali ta gefen baki. Dabbar da ta kwanta ba ta iya haɗiya, kada a yi mata ɗure ko kaɗan, domin abin zai wuce huhu ya ƙarasa ta. Kananzir da baƙin mai ba magani ba ne.

Sai maganar wuƙa. Mun saba idan dabba za ta mutu a yi maza a yanka. To, wadda ake zargin maganin feshi ta ci, kada a ci namanta, kada a sayar, sai likita ya duba. Wadda kuma aka tarar ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta sam. Tana iya zama cutar saifa, wadda ke kama mutane.

Yadda za a ƙwato fili

Maganin gaskiya shi ne a mayar da ciyawar kirki inda take. Cire muguwa kaɗai a bar ƙasa tsirara, gayyatar wata ce.

A sare kafin iri. Ɗaɗɗoyar daji da tafasa da kashin yawo da rai-ɗore duk da iri suke yaɗuwa. A tuge su suna ƙanana a Yuni da Yuli lokacin da ƙasa ke da laushi, ko a sare su daf da ƙasa da zarar sun fara fure. Wanda ya bari sai Oktoba ya sare, ya taya su shuka ne. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya a tara shi wuri ɗaya a ƙone. Kuma a sani aikin ba na shekara ɗaya ba ne, tunda akwai tsohon iri a ƙasa. Sai an jera shekara uku ko huɗu kafin a ga bambanci sosai.

A shuka a gurbin. Irin kyasuwa kyauta ne, a zage shi da kaka a adana, a watsa da saukar ruwa bayan an ɗan kakkarce ƙasa. Gamba kuwa a raba gindinta a dasa da marka, a kan iyakar gona ko gefen burtali. Ga abinci, ga zana, ga tare zaizaya.

A ba fili hutu. A raba wurin kiwo gida biyu ko uku, a hana shiga ɗaya daga Agusta har ciyawa ta zubar da iri, baɗi a juya. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai mai unguwa da dagaci da arɗo da manoma sun zauna sun yarda. Tun 1965 aka yi dokar keɓe wuraren kiwo a Arewa, amma doka ba ta tuge tafasa, sai mutanen wurin sun fito da fartanya.

A noma abincin dabba. A shekarun 1980, cibiyar ILCA, wadda daga baya ta zama ILRI, ta gwada abin da ake kira rumbun ciyawa tare da makiyaya a kudancin jihar Kaduna: a killace kamar hekta 4, a shuka ciyawar sitailo mai gina jiki, a riƙa sa shanu masu tatsa da raunana na sa'a biyu zuwa uku kullum da rani. Wanda ba shi da hekta 4 yana iya ware kunya goma a gonarsa ya shuka lablab ko wake mai yawan harawa. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana nan Shika, a kan hanyar Funtuwa, wurin da ake aikin kiwo tun 1928. Cibiyar IAR da ta NAERLS kuma suna Samaru. Mutane na zuwa daga nesa neman shawara a kan irin ciyawa da na wake, mu da muke maƙwabtaka da su bai kamata a bar mu a baya ba.

A tare ƙofa. Sabuwar dabba da aka sayo daga kasuwa, a tsare ta a gida kamar mako ɗaya, a cire mata ƙayoyin jiki a ƙone, ta zubar da abin da ta zo da shi a ciki kafin ta shiga fili. Takin gida kuma a tara shi a jiƙa ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai gona, zafin na kashe iri da yawa.

Aikin wannan mako

Ɗauki yaron da ke yi maka kiwo ko yankan ciyawa ku zaga inda yake zuwa. Nuna masa rai-ɗore da zaƙami da biya-rana da duman rafi, ya riƙe su a hannu, ya shinshina, ya san su. Wadda kai ma ba ka sani ba, tsinko ta ka kai wa dattijon makiyayi ko malamin gona. Rago ɗaya da ya mutu saura mako biyu salla ya fi kuɗin wannan zagaye sau dubu.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, amin.